Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin manyan makarantun Jihar Filato: a koya wa malamai da ma'aikata gane ɗalibin da damuwa ta kama

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Ina gaida ku duka, Musulminku da Kiristanku, shugabannin jami'o'i da na kwalejojin ilimi da na foliteknik, da masu kula da harkokin ɗalibai. Ya aiki, ya sanyin Jos ɗin namu.

Ni malamar firamare ce a nan cikin gari, ba likita ba ce ni, ban kuma taɓa koyarwa a jami'a ba. Abin da ya sa na ɗau waya nake wannan dogon rubutu shi ne ƙanwata, wadda saura kaɗan mu rasa ta tana aji biyu a ɗaya daga cikin manyan makarantu. Ba zan kama sunan makarantar ba, don abin da ya same ta zai iya samun kowace yarinya a kowace makaranta, kuma ba neman mai laifi nake ba.

Babanmu ya rasu ana tsakiyar zangon karatu. Bayan sadakar bakwai ta koma makaranta saboda tes ya matso, mu kuma muka ce ai gara ta koma, karatu zai ɗauke mata hankali. Yarinyar da kullum sai ta kira ni da daddare tana ba ni labarin lakca har in ce mata ki bar ni in yi barci, sai ga shi kira ya ragu, in na kira sai ta ce lafiya lau Yaya, karatu ne ya yi yawa. Ashe ba ta barci, ƙarfe 3 na dare idonta biyu tana kallon silin, da safe kuma jikinta ya ƙi tashi. Ta rasa tes biyu. Da ta daure ta je wurin malamin da ke kula da ajinsu don ta yi masa bayani, bai bari ta kai ƙarshen magana ba ya ce mata, “Ke kaɗai aka taɓa yi wa rasuwa? Ni ma maraya ne. Je ki kawo takardar asibiti.” Ta je kilinik ɗin makaranta ta ce kanta na ciwo kuma ba ta da ƙarfi, aka gwada maleriya da taifod, aka ba ta farasitamol ta dawo. Babu wanda ya tambaye ta yaya barcinta, ko me ke damun ranta. 'Yan ɗakinsu kuma suka ɗauka girman kai ne ya sa ta daina kula kowa.

Wadda ta gane ita ce matar da ke sharar hostel, wata dattijuwa Kirista da ɗalibai ke ce wa Mama. Ita ta lura bokitin yarinyar nan kwana uku yana wuri ɗaya a bakin ƙofa a bushe, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, ta kuma ga kwanon abinci a ƙarƙashin gado kiyashi sun cika shi. Ta ƙwanƙwasa ta shiga ta zauna a gefen katifa. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta yi faɗa ba, ta fita ta sayo kunu da masa da kuɗinta ta dawo ta zauna har yarinyar ta kurɓa, sannan ta ce, “'Yata, wa zan kira miki a gida?” Haka aka kira ni. Da na iso na ga leɓenta duk ya tsage, kitson da aka yi mata tun kafin rasuwa shi ne a kanta, zanin da ta ɗaura sai da ta zagaya shi kusan sau biyu saboda rama. Na riƙe hannunta sai ta ce, “Yaya na gaji, da ma in kwanta kar in farka.” Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi.

A gida Umma ta ce a yi ruƙiyya, Gwaggo ta ce sammu ne saboda an ga yarinya na karatu. Mun yi addu'a kuma har gobe muna yi, ban taɓa raina ta ba. Amma sai da muka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa aka gaya mana sunan abin, ciwon damuwa mai tsanani, ciwo ne kamar hawan jini ko suga, yana da magani kuma yana da hanyar zama a yi magana da ƙwararre. Likitan ya ja mana kunne cewa maganin ba ya nuna aiki a kwana biyu, sai an yi makonni, kar mu gaji mu yar. Ta samu sauƙi alhamdulillahi. Sai dai shekara guda ta tafi, domin babu wanda ya gaya mata tana iya neman a ɗage mata karatu saboda rashin lafiya, sakamako ya fito duk kwasa-kwasan da ba ta zauna ba an rubuta ta faɗi.

Na daɗe ina jin haushin malamin nan, daga baya na sauko. Ni ma malama ce, na san yadda ake ji in yara sun yi maka yawa ga albashi ba ya kai ƙarshen wata. Mutumin da ke da ɗaruruwan ɗalibai a aji ɗaya, ga takardun jarrabawa jibge a tebur, ga uzurin ƙarya da yake ji kullum, wannan ya ce kakarsa ta rasu wancan ya ce an sace masa waya, dole zuciya ta bushe. Ya yi digiri har uku a fanninsa amma ba a taɓa zaunar da shi ko na awa ɗaya an nuna masa bambancin ɗalibin da ke lalaci da wanda ciwo ya danne ba. Mama mai shara ma ba a koya mata ba, Allah ne ya ba ta ido da tausayi. To roƙona kenan gare ku, kar a bar ran 'ya'yan mutane a hannun dace, a koya wa duk wanda ke hulɗa da ɗalibi kullum yadda zai gane, yadda zai saurara, da inda zai tura.

Ba cewa nake a mai da lakcara likita ba. Ko mun so ma likitocin ba su isa ba, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 amma likitocin ƙwaƙwalwar da ke cikinta ba su kai 300 ba, wasu ma kullum ficewa suke zuwa Ingila da Saudiyya. Kuma masana sun nuna kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a kai tsakiyar shekaru ashirin da wani abu. Ku duba rajistarku ku ga shekarun yaran da ke hannunku, su ne dai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma abin yana cikin manyan dalilan mutuwar matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Ɗalibi zai iya gama makaranta bai taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa da idonsa ba, amma ba ya kwana biyu bai ga lakcara ko mai gadi ko sakatariyar sashe ba.

Kuma irin wannan horon ba sabon abu ba ne da za a ce sai an ƙirƙiro. Tun shekarar 2000 aka fara a Ostareliya, ana koya wa mutanen gari taimakon farko na lafiyar ƙwaƙwalwa kamar yadda ake koyar da ɗaure rauni kafin a kai mutum asibiti, ya kuma bazu ƙasashe da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya ganewa da taimakawa, wannan shi ya dace da nas-nas da likitocin kilinik ɗinku. A 2011 kuma ta fitar da jagorar taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, ginshiƙinta uku ne kacal: ka duba, ka saurara, ka haɗa shi da inda zai samu taimako. Ba abin da ya fi ƙarfin mai gadi a nan balle farfesa.

Me za a koya musu? Na farko alamomi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗalibin da ke zama a gaba kwatsam ya koma can baya ko ya ɓace, mai ƙoƙari da makinsa ya zube a zango ɗaya, wadda ta daina wanka da kwalliya, wanda ke zabura in an buga ƙofa da ƙarfi, wadda numfashinta ke sarƙewa a ɗakin jarrabawa har a ce aljanu ne suka tashi alhali fargaba ce ta kama ta, wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu da shirya manyan abubuwa, wanda ya fara raba kayansa yana neman yafiya ba dalili. Sai kuma yadda ake magana, wanda a wurina shi ne mafi wuya, don bakinmu ya saba da “ka yi haƙuri, kowa da tasa”, da “rashin tawakkali ne”, da “namiji ba ya kuka”. Mai faɗa yana ganin lallashi yake, mai ji kuma abin da yake fahimta shi ne ya yi shiru ya tafi. Da malamin nan ya ce wa ƙanwata, “Zauna, Allah ya jiƙan Baba, yaya kike barci, kina iya cin abinci kuwa?” da minti biyar sun ishe shi ya gane abin ya wuce makoki. A koya musu su ja ɗalibi gefe ba a gaban aji ba, su bar ƙofar ofis yadda yarinya ba za ta tsorata ba, su yi shiru su bari ya gama.

Akwai wani abu da ni kaina sai a bakin likita na ji shi, kuma ina so kowane malami ya ji. In ka ga alama ka tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta saka masa tunanin a rai, bincike ya tabbatar da haka, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an samu wanda bai ji tsoron maganar ba. In ya ce eh, ba a barinsa shi kaɗai, ba a yi masa barazana da wuta, ba a ɗaukar alƙawarin ɓoyewa, a zauna da shi har a damƙa shi hannun ma'aikacin lafiya da wani nasa da ya yarda da shi. Mu da muka taso muna jin cewa ko ambaton abin haramun ne, sai an koya mana wannan da gangan.

Sai sirri. Dan Allah a nanata wannan sosai a horon. In yarinya ta buɗe cikinta ga malami da safe, da rana ta ji labarin a ɗakin malamai ko a guruf ɗin WhatsApp na aji, to an gama, ba ita ba ko ƙawayenta babu mai ƙara zuwa. A garinmu kalmar “mahaukaciya” in ta manne wa mace har aurenta take bi.

Ranku ya daɗe, ku kun fi ni sanin irin yaran da ke zuwa muku a jihar nan. Wanda ke aji ɗaya yanzu an haife shi bayan rikicin Jos na Satumban 2001, ya yi yarinta a na 2008 da na 2010, wasu a goye aka gudu da su. A Agustan 2021 duk mun ga yadda aka sa dokar hana fita a Jos ta Arewa, gwamnatocin jihohi suna turo motoci suna kwashe ɗalibansu. Ga 'yan Bokkos da Barkin Ladi da aka kai wa ƙauyukansu hari a jajibirin Kirsimetin 2023, ga 'yan Mangu, ga 'yan Riyom. Yaron da ya ga gawa a ƙofar gidansu, ko Musulmi ne ko Kirista, yana nan zaune a ajinku yana ƙoƙarin haddace lissafi, ƙarar salansar babur kawai ta isa ta mai da shi wancan daren. A kan wannan a ɗora yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 da ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, da guje-gujen cike giɓin da ya biyo baya, da tsadar da ta zo bayan cire tallafin mai a 2023 har ɗalibi ke zaɓa tsakanin kuɗin keke da abincin rana.

Maganar ƙwaya ma nan ta shigo. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ban ce kar a hukunta mai laifi ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yawa sun fara taramol ne don su iya karatun dare ko su samu abin da ke cin ransu ya lafa. In kwamitin ladabtarwa bai san komai ba sai kora, an dai mayar wa unguwa da matsalar ne, yaron kuma ya rasa ɗan abin da ke riƙe da shi.

Su wa za a horar? Nan ne nake tsoron a yi irin ta kullum, a kama otal a kira manya su ashirin, a raba jaka da biro da alawus, a ɗau hoto a watse. Waɗanda ɗalibi ke gani su ake so: masu kula da aji, jami'an jarrabawa, masu duba furojet, sakatarori, ma'aikatan laburare, masu kula da hostel, masu gadi, masu shara. A haɗa da limaman masallatan makaranta da fastoci da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista, domin gaskiya wurinsu yaranmu ke fara zuwa, kuma limamin da zai yi addu'a ya ƙara da cewa “gobe zan raka ka asibiti” ya fi kowa tasiri a wurin iyaye irin Ummanmu. A yi wa ƙananan ma'aikata nasu da Hausa, ita ce harshen da kowa ke ji a Filato, kar a tara su ana zuba musu Turancin likitoci. A riƙa gwadawa a aikace, wannan ya zama ɗalibi wancan ya zama malami, har baki ya saba da tambayar. Kuma a maimaita duk shekara don ma'aikata na canjawa.

Horo kuma ba zai yi amfani ba in malami ya gane matsala amma bai san inda zai tura ba. Ofishin ba da shawara ya zama a buɗe da mutum a ciki, a wurin da ɗalibi zai shiga ba tare da rabin makaranta sun gan shi ba, da lambar waya da ake ɗauka har dare, a manna ta a kowane hostel da bayan katin shaida. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, Jami'ar Jos tana da sashen nazarin halayyar ɗan Adam, ga masu koyar da shawara da jagoranci a tsangayoyin ilimi, wato masu horarwar suna nan a gida ba sai an ɗauko daga Legas ba. Makarantun da ke Bokkos da Pankshin da Gindiri da Barkin Ladi su ƙulla yarjejeniya a rubuce kan yadda za a kawo ɗalibi ya ga likita ba tare da ya yi wata yana jiran layi ba. Sannan a rubuta ƙa'idar ɗage karatu saboda ciwon ƙwaƙwalwa ɓaro-ɓaro a littafin ɗalibai, kowane mai kula da aji ya san ta.

Doka ma tana bayanku. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu wannan lalura wariya. Amma mutane sun daɗe da sanin cewa sashe na 231 na Penal Code, kundin hukunta laifuka na Arewa, ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, wannan tsoron na sa iyaye da abokai su rufe magana. Ku fito ku gaya wa ɗalibanku a fili cewa wanda ya kai wannan matsayi asibiti za a kai shi, ba ofishin tsaro ko gaban kwamiti ba.

Na san za a ce kuɗi. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ba da kuɗin horar da malamai, in ana iya tura mutum taro ƙasar waje ana iya ware kwana biyu a ɗakin taron makaranta. Ku kuma kai maganar gaban NUC da NBTE da NCCE, hukumomin da ke kula da jami'o'i da foliteknik da kwalejojin ilimi, ta shiga cikin abin da ake dubawa in an zo tantance kwasa-kwasai, don na lura abin da ake dubawa shi ake gyarawa. Kar kuma a manta da su malaman kansu, akwai masu fama a cikinsu suna shiga aji da murmushin dole, ƙofar da za a buɗe wa ɗalibi a bar ta a buɗe gare su.

Ƙanwata ta koma makaranta, tana shan maganinta tana zuwa ganin likita, ta kuma ba ni izinin rubuta wannan. Ran da na raka ta da kayanta mun nemi Mama muka kai mata turmin atamfa, ta ƙi karɓa sai da muka haɗa ta da Allah, tana cewa ita ba ta yi komai ba, bokiti kawai ta gani. Sababbin ɗalibai na nan tafe zango mai zuwa, ina roƙonku kafin su iso a fara da masu kula da aji ɗaya da ma'aikatan hostel, in ya so kafin 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sauran su biyo baya. In kun shirya zaman kuna son wani daga ɓangaren iyaye ya zo ya faɗi abin da ya gani, zan nemi izini a makarantarmu in zo.

Allah ya taya ku riƙo, ya tsare mana yaranmu.

Taku,
Wata malamar firamare, yayar ɗaliba, daga Jos.